Hondar Baba ta tashi bayan shekara 14, amma da ta yi zafi sai ta mutu

Ɗan_Birni84:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Masu sanin tsohon ƙarfe ku taimaka min, kaina ya ƙulle. Marigayi Baba ya bar mana Honda CG 125 ja, 'yar Japan, ya saye ta a 1979 lokacin yana koyarwa a lakwal (makarantar boko) a Miriya. Tun 2010 da ciwon gwiwa ya hana shi hawa take jingine a ɗakin zaure an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma, har kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Bayan babbar salla na fito da ita na ce ni da hannuna zan tada ta, a rumfar da nake aje mota nake aikin kullum bayan la'asar, wata biyar ke nan. Na wanke tanki, na kwance karburato na wanke, na kai silanda aka yi mata alezaj (ƙara faɗin raminta) aka sa pisto 0.50 da sababbin segima, na canza juwan duka (takardun da ke hana yoyo a mahaɗar injin), buji sabo, mai sabo. Alhamdulillahi ta tashi, bugu biyu take kamawa da safe, kuma muryarta irin ta da ce sak, har Inna ta fito daga ɗaki tana share hawaye.

Amma ga matsalar. In na fita daga Birni na bi ta Kasuwar Dole na nufi hanyar Tanut, minti goma zuwa sha biyar, sai ta fara tari, ta yi tus-tus a salansa, ta mutu. In yi ta bugu har zufa ta jiƙe min riga, shiru. In na jingine ta a inuwa minti ashirin sai ta tashi kamar ba ita ba. Makanisiyen unguwarmu ya ce in sauke injin in ɗora na China in huta, ko aƙalla in cire bis filatine, tsohon makunnin wutar buji, in sa CDI, ɗan akwatin wuta na zamani. Ni kuma raina bai ba ni ba. Me ke damunta? Kuma da gaske ne tsohon tsarin wutar nan ba ya gyaruwa yanzu?

Kabu2_Karakara:
wslm. Allah jikan baba. amma gsky yaya kudin da ka zuba ma wannan gwangwanin da ka kara kadan ka dauki Kasea ko Haojue sabo fil ka huta. tsohon karfe kamar tsohon hakori ne ka gyara wannan wancan ya fara ciwo. ni kullum kan moto nake wuni nasan me nake fada

Maigida_Sani_Zengo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mushe malamin lakwal, ya kai haske kabarinsa. Kai mai kabu-kabu ka yi a hankali da bakinka, da tsohuwar zuma ake magani. Wanda kake hawa ɗin ma jikan wannan ne.

Ɗana, kar ka sayi komai tukuna, kar ka kwance komai. Ka fita da ita da kilen buji da turnabis a aljihu, ka bar ta ta mutu, a nan wurin tun tana da zafinta za ka kama ɓarawon, in ta huce ya gudu. Da ta mutu ka kara kunne ka buɗe bushon tanki, wato murfinsa. In ka ji ya ja iska fuuu, to ramin numfashin bushon ne ya toshe, esansi ba ya sauka. Bayan haka ka sassauta ɗan bis ɗin da ke gindin karburato ka ga ko mai zai zubo, da yawa ko ɗigo-ɗigo. Sai ka cire buji ka ɗora shi jikin kulas (kan injin) ka buga ka kalli wutar, shuɗiya ce mai tas-tas, ko ja-ja ce mai lalaci, ko babu ma sam. Kuma ƙafarka ta lura, kik ɗin yana da nauyi kamar na safe ko ya yi sakayau? Ka zo ka faɗa min abu huɗun nan, ni kuma in faɗa maka ciwonta. Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, injin da ke mutuwa da zafi ya tashi da sanyi bai cika wuce mai, wuta ko supap ba.

Ɗan_Birni84:
Na gode Baba Sani, Allah ya ƙara girma. Bushon da ka ambata ya sa gabana ya faɗi, don kuwa na fesa masa fenti tare da tankin. Gobe in sha Allah zan gwada.

Elektro_Musa:
Ni na sa jaka biyu a kan kondansata ne, ɗan gwangwanin da ke rage tartsatsi a bakin bis filatine. Alamar da ka bayar ita ce sak, tari, harbi a salansa, mutuwa, in ya huce ya dawo. Kondansatan da ya yi shekara arba'in da biyar ai ya ci ya ƙoshi. Ka duba bakin bis filatine, in ya ƙone ya yi rami gefe ɗaya ya yi tsiro ɗaya gefen, ko in tana aiki ka ga tartsatsi manya na tashi a wurin, shi ne. Tazarar bakin in ya buɗe gaba ɗaya tsakanin 0.3 da 0.4 na milimita take. Kuma ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta jikin bolan (faifan da ke juyawa a gefen injin) ta zo saitin tsagar da ke jikin injin, ba T ba, T ta supap ce, mutane da yawa suna haɗa su.

Abba_Fagge:
Salamu alaikum mutanen Damagaram, ni daga Kano nake bin ku amma wallahi sai an min fassara 😂 Mene ne buji? Mu a nan buji iskar hunturu ce mai ƙura. Bis filatine kuma sai ka ce sunan magani.

Elektro_Musa:
Hhhh Malam Abba buji shi ne fulogi naku. Bis filatine kuntak, segima ringi, supap bawul, karburato kafireta. Ku Bature ɗan Ingila ya raɗa muku, mu ɗan Faransa ya raɗa mana, ƙarfen dai na Japan ne duka.

Abba_Fagge:
Yauwa yanzu na shigo gari. To in kuntak ne da kwandansa har yanzu ana samu a nan, sai dai a tona, masu tsofaffin shaguna ne ke da su a ƙasan kwali. Amma a gaskiya yawanci na yanzu ba su da ƙarko, ka sayi biyu ko uku lokaci ɗaya don wani tun a leda matacce ne.

Mushe_Ritaya:
Salam. Ɗan_Birni, ina jin mun yi zamani da mahaifinka ko da ban san shi ba, don ni ma a shekarun nan na fara riƙe alli. Zamanin Shugaba Kunce ne, kuɗin uraniyom sun shigo ƙasa, albashi na zuwa a kan kari, malamin makaranta in ya daure ya yi tari zai iya ajiye keke ya hau inji. Akasari Mobilet muke hawa, mai Honda kuwa in ya shigo filin lakwal yara barin wasa suke su zagaye ta.

Abin da nake so matasan nan su gane, CG ba a yi ta don 'yan gayu ba. A 1974 injiniyoyin Honda suka zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan don su ga me ya sa injinansu ke saurin lalacewa a can, suka tarar mutane ba sa yin bidanj (canjin mai) sai mai ya koma kamar kwalta, matatar iska ta takarda ta cushe da ƙura ta zama kamar bulo, ga lodin mutum uku huɗu. Sai suka koma suka zana injin da zai jure wa irin wannan riƙon, suka sauke kam ɗin ƙasa kusa da mai, sanduna biyu ke tura supap, suka sa matatar soso da za a wanke a mayar. A 1975 ta fito. Kun ga ke nan kamar don mu aka yi ta. Har yau ana ƙera ta a Pakistan, Brazil ma ta daɗe tana yi. To injin da aka yi shi don ya jure wa sakaci shi ne za a ce ba ya gyaruwa a hannun mai lallaɓa shi?

Kabu2_Karakara:
mushe ina girmama ka amma tarihi baya tada moto 😅 a 1975 babana ma bai yi kaciya ba

Maigida_Sani_Zengo:
Yaron nan ba ka da ta ido. Buɗe injin da ke ƙarƙashinka ka gani, yawancin 125 na China masu sandunan supap hoton CG aka ɗauka. Shi ya sa ma ake samun kayanta har yanzu, juwan, segima, faifan ambirayaj (kuloci), shen, da yawa suna shiga. Sai dai ba duka ba, a nan mutane ke ƙona kuɗinsu. Sandar da ke riƙe pisto akwai mai milimita 13 akwai mai 15, in ba ka auna ba ka sayo wanda ba shi ba ka yi asara. Kullum ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka.

Besfa_Magarya:
Ni tambayata tankin. Da me ka wanke shi? Don tankin da ya yi shekara 14 a ajiye ba wanki ɗaya yake so ba. Besfata da na tada bara haka ta yi ta min, ashe tsatsa ce ke ɓarɓashi tana taruwa a robine (famfon mai na gindin tanki), in ta tsaya ya kwanta, in an yi tafiya ya taso ya toshe. Sai da na jiƙa tsamiya kwano guda na tace na cika tankin da ruwan na bar shi kwana uku, na zubar, na zuba ƙananan noti da tsakuwa na yi ta girgiza kamar mai kaɗa caki, sannan na ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, na shanya a rana na zuba mai nan take kafin ya sake tsatsa. Ka sa ƙaramar matata mai gani-har-hanji a tiyon esansi, za ka riƙa ganin abin da ke sauka da idonka.

Ɗan_Birni84:
Da esansi da omo kawai na wanke gaskiya. Tsamiya kuwa ban taɓa ji ba, amma ai da ita Inna ke wanke tasoshin tagulla su yi ƙyalli, to akwai hikima. Zan sa matatar.

Sadik_GarinMalam:
Kun manta babban abu, wane esansi yake sha? In na 'yan ruwa-ruwa ne na kwalba a bakin hanya to kar a nemi dalili da nisa. Ni an taɓa sayar min da wanda aka haɗa da kananzir, moto ya yi ta hayaƙi yana ƙwanƙwasa kamar ana dakan sakwara.

Kabu2_Karakara:
kai sadik kar ka bata ma mutane sana'a, shekara nawa garin nan yana tafiya da ruwa-ruwa. kuma yanzu ai labari ya canza tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 na can ya dena araha, mu ma gidan mai muke bi

Sadik_GarinMalam:
Ban ce duka ba. Amma tun 2011 matatar mai ta SORAZ na nan a hanyar Tanut, man ƙasarmu ne, mutum na gyaran abin tarihi ai sai ya ba shi mai tsabta ko don ya cire shakka ɗaya daga lissafi.

Ɗan_Birni84:
Na gidan mai nake zuba mata tun ranar farko, wannan kam ba shi ba ne.

Maman_Nana:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri mace ta shigo zancen maza. Ni ma na hau Yamaha dam shekara takwas ina zuwa aiki kafin baya ya hana ni, don haka ba baƙuwa ba ce sosai. Ƙanena tambaya biyu gare ni. Ta farko, matarka ta yafe maka kwanonin da ka ɗauka kana jiƙa bis a ciki? Don maigidana da ya kwance tsohuwar Mobilet ɗinsa har farantin baƙi sai da na tsinta cike da gazuwal, shekara biyu ke nan kuma tana nan a buhu uku. Ta biyu kuma ba wasa ba ce, moton nan an raba gado ya faɗo rabonka ne ko kawai ɗauka ka yi don ba mai so? Don abin da yake gwangwani jiya, ranar da ya yi ƙyalli ya fita titi kowa zai tuna shi ma ɗan marigayi ne. Na ga gidan da zumunci ya lalace a kan keken ɗinki.

Malam_Habu_Alkali:
Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya saka. Duk abin da mamaci ya bari, ko allura ce, haƙƙin magada ne har sai an raba ko sun yafe da bakinsu. Kuma gara a yi shi gaban shaidu.

Ɗan_Birni84:
Yaya Maman Nana na gode da tunatarwa. An yi mata kuɗi lokacin rabo aka sa a kasona, yayyena har dariya suka yi min wai na zaɓi ƙarfen 'yan jari-bola. A rubuce yake. Maganar kwanoni kuwa kar ki tona min asiri, roba biyu da tire ɗaya ake bi na bashi 😂

Sadik_GarinMalam:
To takardu fa? Kart giriz, takardar mallakar moton, da sunan wa? Ka gyara wannan da asirans (inshora) kafin ka fara yawo da ita wajen gari, don ja ce mai ɗaukar ido, duk shingen da ka zo sai an tsai da kai ko don a kalle ta.

Ɗan_Birni84:
Tana nan da sunan Baba a cikin tsohuwar jakarsa har da takardar duwan, na fara bin canjin suna. Mu koma kan ciwon dai.

Baba Sani ga rahoto. Yau na fita bayan azahar. Ta mutu wajen minti sha biyu, na buɗe bushon na ji fuuu kamar an buɗe kwalbar lemo, gindin karburato kuma ɗigo uku kawai ya zubo. Na tsokale ramin da allura, fenti ne cike. Na ce shi ke nan an gama, na kama hanyar Miriya ina murna. Wannan karon ta yi kusan minti ashirin da biyar, sai ga tarin ya dawo, ta mutu dab da wani lambu. Yanzu mai na zuba sosai. Wutar buji akwai amma ja-ja ce siririya. Kik kuma ya yi laushi, ba kamar na safe ba, da hannu ma zan iya tura shi. Wani mai amalanken shanu ne ya tsaya ya taya ni zama har ta huce.

Maigida_Sani_Zengo:
Madalla, ɓarayi biyu ne ko uku suka haɗu a gida ɗaya, ka kama na farko. Kik mai laushi da zafi supap ce. Da ka mayar da kulas bayan alezaj ka sake saita tazararsu? Na san ba ka yi ba. Sabon juwan in ya sha zafi yana kwanciya, kulas ya ɗan sauka, tazarar ta cinye, in ƙarfe ya buɗe da zafi supap ba ta rufewa ruf, iska ta riƙa tserewa. In ka ci gaba da hawa a haka ta eshapma, mai fitar da hayaƙi, za ta ƙone.

Ka bari ta kwana, da safe tana sanyi ƙalau ka fara bin notunan kulas ka ƙara ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ba ka gama da ɗaya ka koma ɗaya ba. Ka cire murfin sama, ka juya bolan har T ta zo saiti, ka taɓa 'yan makaɗan nan biyu ka ji duka suna motsi, in ɗaya a ɗaure yake ka ƙara zagaye ɗaya. Tazarar 0.08 ce duka biyun. In ba ka da ma'auni, rezar aski ta da mai baki biyu ta kusa, ta shiga tana ɗan jan jiki kamar wuƙa a cikin sabulu. Ka riƙe bis ɗin da kyau lokacin da kake ɗaure notin don yana son ya bi shi, ka sake aunawa bayan ka ɗaure.

Elektro_Musa:
Maigida a gafarce ni, reza wajen 0.10 take, ta ɗan fi. Ma'aunin nan ba shi da tsada, ya saya kawai tunda zai auna bis filatine da buji ma, shi buji 0.6 zuwa 0.7. Kuma ina nan kan bakana, ja-jan wutar nan ba supap ta kawo shi ba.

Maigida_Sani_Zengo:
Na sani Musa, shi ya sa na ce ta kusa. Supap mai ɗan surutu ba ta ƙonewa, mai shiru ita ke kashe inji. Wutar kuma ban musa maka ba, amma a bi su ɗaya-ɗaya, in ya canza abu uku rana ɗaya ta warke ba zai taɓa sanin wanne ne ba.

Ibro_Takeita:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Na mai da tawa CDI da bolt 12 shekara huɗu ke nan ban sake buɗe bolan ba. Fitilar bolt 6 ɗin nan ai aci-balbal ce, ka bi hanyar Takeita da dare da ita ka ga ko za ka hango jaki kafin ka hau shi. Kuma ƙwan fitila da batir na 6 yanzu neman su sai ka sha yawo. Daga waje ba mai gane an canza komai.

Mushe_Ritaya:
Ibro, kai abin hawa kake nema, shi mahaifinsa yake nema. Ba ɗaya ba ne.

Ibro_Takeita:
Mushe ai marigayin ma da yana da rai ya ga CDI da ya sa. Mutanen da ba don ƙawa suke riƙe bis filatine ba, shi ne kawai akwai.

Elektro_Musa:
Duka kuna da gaskiya amma bari in faɗi abin da ba a faɗa. Tsohon tsarin nan wutarsa daga bolan take zuwa kai tsaye, ko babu batir sam za ta tashi, batir na oda ne da sigina da fitilar birki. In ya lalace maka a daji tsakanin Gure da Gidimuni, da 'yar takardar yashi da turnabis za ka goge bakin ka saita ka iso gida. CDI in ya mutu ya mutu, sai wani, amma kuma ɗan akwati ne mai araha da za ka sa na biyu a aljihu. Matsalar canjin ita ce ba akwatin kaɗai ba ne, sai an canza bolan da faifan bobin na ciki, kuma ba kowane bolan China ke zama daidai kan bakin tsohon bilbireke (sandar da bolan ke zama a kai) ba, na ga wanda aka ɗaura da ƙarfi ya cinye kilabet, ɗan ƙarfen da ke kulle bolan, ya lalata bakin gaba ɗaya. In za ka yi, ka adana tsofaffin a kwali kar ka yar, kuma kar a yanke waya ko ɗaya ta asali. Bolan kuma da abin zare shi ake cire shi, duk wanda ka ga ya ɗauko marto ka karɓe motonka ka gudu.

Mushe_Ritaya:
Wannan magana ta adana tsofaffi gaskiya ce. Bayan karyewar sefa a Janairun 1994 kayan Japan suka ninka kuɗi, mutane suka riƙa cire na asali suna sa duk abin da suka samu, nagarin kuma aka watsar. Yau ga shi ana neman su da fitila.

Kabu2_Karakara:
toh ni dai ina kallo. amma yaya dan birni in ka tashi saidawa ka fara min magana 👀

Besfa_Magarya:
Au, gwangwanin? 🤣

Kabu2_Karakara:
hoton da ya sa ne ya tafi da ni wlh, jan nan da tambarin fiffike

Abba_Fagge:
Wani abu da ban ji an taɓo ba, baƙin mai. Tunda sabon boris ne, wato alezaj ɗinku, kar ka matsa mata, kilomita 500 na farko a hankali, kar ka riƙe ta a gudu ɗaya na dogon lokaci, sannan ka juye man. Kuma ka sa na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, wani man mota yana sa kulocin ya riƙa sulɓi tunda a cikin mai yake wanka. Bai kai lita ɗaya cif ba take sha, ka bi sandar awo.

Maigida_Sani_Zengo:
Malam Abba ya tuna min. Ɗana ka wanke 'yar rariyar mai da ke bayan babban bushon na gefen hagu mai sifirin? Akwai kuma matata mai juyawa a cikin murfin dama wajen ambirayaj, ita ba a canza ta, buɗewa ake a kankare dattin da ya daskare. Wadda ta shekara haka za ka tarar da shi kamar tukunyar shuni. Soson iska kuma in na 1979 ne ka taɓa shi ka gani, zai ruguje kamar ƙuli-ƙuli, injin ya shanye. Ga hunturu ya kawo kai, ƙurar garin nan in ta samu hanya sabon alezaj ɗinka wata uku ba zai yi ba. Ka yanka sabon soso, ka jiƙa shi da mai ka matse sosai.

Ɗan_Birni84:
Jama'a na dawo, kwana shida ina fama. Supap ta eshapma babu tazara ko ta gashi, Baba Sani kamar kana wurin. Na sayi ma'aunin na saita 0.08. Rariya na wanke, mai juyawar ban buɗe ba tukuna don notinta mai haƙora huɗu ne ba ni da kilensa. Kik ya dawo da nauyinsa ko da zafi. Amma tarin bai tafi duka ba, sai na sayo kondansata biyu a kasuwa, na farko da na sa ko wuta babu, Malam Abba ka yi gaskiya, na biyu ya yi. Bakin bis filatine na goge na saita da takardar sigari kan F kamar yadda Musa ya turo min a bidiyo.

Jiya Lahadi na je Miriya cin kasuwa a kanta, ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Na tsaya ƙofar lakwal ɗin da Baba ya koyar, wani dattijo mai sayar da goro ya tashi ya zagaye ta sau biyu ya kira sunan Baba, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. A dawowa dai ta yi tari sau biyu da na ƙara wuta a hawa, ba ta mutu ba amma na ji shi. Na cire buji a gida, bakinsa fari-fari ne, ba ruwan ƙasa ba.

Elektro_Musa:
Jaka biyuna fa? 😎 Saura bobin na sama, shi ma tsoho ne, ina zarginsa.

Maigida_Sani_Zengo:
Ba bobin ba ne. Farin buji ƙishirwa ce, iska ta fi mai yawa. Ko dai roban da ke tsakanin karburato da kulas ya tsage yana shan iska, ko babban jikle (ramin da mai ke bi a karburato) bai wanku ba, ko allurar buwaso ta cikin karburato na son a ɗaga ta daraja ɗaya, wato a sauke ɗan kilip ɗin ƙasa. Ka tada ta tana ralanti (tana aiki a tsaye) ka fesa ɗan esansi kaɗan a wuyan, nesa da buji, in muryarta ta canza to tsaga ce. Kuma kar ka sake doguwar tafiya da farin buji a kan sabon pisto.

Ibro_Takeita:
Kun gani ko, an gyara uku saura biyu, in an gama biyun wasu za su fito. Ni dai na faɗa, ranar da dare ya yi maka a hanya da fitilar nan za ka neme ni.

Maman_Nana:
Ƙanena labarin mai goron nan ya sa ni kuka. Na nuna wa maigidana, ga shi can ya zazzage buhunan Mobilet a tsakar gida, kai ka ja min.

Ɗan_Birni84:
Yaya ki ba shi haƙuri ki kuma ɓoye farantan baƙi. Ibro maganar fitila ina tunaninta, ban yanke ba, wataƙila in bar wutar inji yadda take in nemi dabarar fitilar kaɗai, Musa ko hakan na yiwuwa? Baba Sani na fesa, muryar ta ɗan tashi, ina jin wuyan ne. Wa ke da na asali ko wanda ya san na China da ke shiga ba tare da an fafe ramin bis ba?

Maigida_Sani_Zengo:
Ina jin akwai ɗaya a tsohon akwatina, sai na tona. Kawo ta Alhamis da hantsi, ka taho da tsohon mu gwada, kilen mai haƙora huɗun ma ina da shi. Ka zo da goro.

Besfa_Magarya:
Maigida in kana tonon ka duba min ko akwai kabul ɗin bites na Besfa, na biyun ya tsinke tun watan jiya.